Darasi Daga Duisburg: Yadda Kangon Masana'antar Ƙarfe Ya Zama Wurin Shaƙatawa

Duk masana'antar da ta rufe ƙofofinta takan bar abubuwa uku a baya: ma'aikatan da suka rasa hanyar abinci, basussukan da ba a biya ba, da kuma filin da ta zauna a kai. Biyun farko su ne aka fi ji a bakin jama'a da shafukan jaridu, domin suna da masu kuka a kansu. Shi kuwa fili ba ya magana, saboda haka sai a bar shi ya shekara goma ko ashirin yana zaune, ciyawa na cinye shi, ɓarayin ƙarfe na kwasar rabonsu, unguwannin da ke kewaye da shi kuma darajarsu na zubewa.

Darasinmu na wannan karo zai duba yadda birnin Duisburg na ƙasar Jamus ya yi da irin wannan fili. A arewacin birnin akwai wata tsohuwar masana'antar narka ƙarfe da ta daina aiki a shekarar 1985. Maimakon a rushe ta, sai aka mayar da ita da filayen da ke kewaye da ita wurin shaƙatawa na jama'a, wanda Jamusawa ke kira Landschaftspark Duisburg-Nord. Faɗinsa ya kai hekta 180, wato kimanin filayen ƙwallon ƙafa 250, kuma mutane kusan miliyan ɗaya ne kan ziyarce shi a shekara. Abin da ya shafi ɗan kasuwa a labarin shi ne lissafin da ke bayansa: me ya sa filin ya rasa mai saye, wa ya ɗauki nauyin gyara shi, daga ina kuɗin kula da shi ke fitowa, kuma me aka samu, me aka kasa samu.

Asalin masana'antar

Duisburg na zaune ne a inda kogin Ruhr ya haɗu da kogin Rhine, a jihar North Rhine-Westphalia. Yankin Ruhr shi ne cibiyar haƙar kwal da sarrafa ƙarfe ta Jamus tun daga ƙarni na 19. A tsakiyar shekarun 1950, ma'aikatan haƙar kwal kaɗai a yankin sun kusa rabin miliyan.

A shekarar 1901 ne attajirin nan August Thyssen ya kafa masana'antar da muke magana a kai, a unguwar Meiderich. An hura wutar tanderu na farko a 1903, kuma zuwa 1912 tanderu biyar ne ke aiki. Irin wannan tanderu hasumiya ce ta ƙarfe mai tsawon gaske, wadda ake zuba mata tama da gasasshen kwal da farar ƙasa ta sama, a hura iska mai zafi ta ƙasa, har tamar ta narke, ɗanyen ƙarfe ya kwararo. A tsawon rayuwarta masana'antar ta fitar da ɗanyen ƙarfe kimanin tan miliyan 37.

Rana ta fara yi wa kwal ɗin Ruhr yamma daga 1958, lokacin da man fetur da kwal mai araha na ƙasashen waje suka mamaye kasuwa. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma sai kasuwar ƙarfe ta bi sahu, domin abin da masana'antun Turai ke iya fitarwa ya zarce abin da masu saye ke bukata. A 1980 hukumar Kasuwar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa kowane kamfani yawan ƙarfen da zai fitar. Kamfanin Thyssen ya ga ya fi masa riba ya tattara aikinsa a manyan masana'antunsa na bakin kogin Rhine, inda jiragen ruwa ke sauke tama kai tsaye. An kashe tanderu biyu a 1982, sannan ranar 4 ga Afrilu, 1985, aka kashe na ƙarshe, wato tanderu mai lamba 5, duk da cewa a 1973 aka sabunta shi.

Abin lura a nan shi ne ba lalacewar injina ce ta rufe masana'antar ba. Kasuwa ce ta juya mata baya, kuma wurin da take zaune, nesa da bakin babban kogi, ya sa kuɗin sufurinta ya fi na 'yan'uwanta.

Dalilin da ya sa filin ya rasa mai saye

Mai karatu zai iya tsammanin fili mai wannan girma a cikin birni mai mutane rabin miliyan zai sami masu rububi. Haka ba ta faru ba, saboda dalilai uku.

Na farko, kuɗin rusau. Ƙarafan da ke sama za a iya yanka su a sayar, amma a ƙarƙashinsu akwai tushen kankare mai kauri, da rumbunan ajiyar tama, da ramuka da bututai, waɗanda fasa su da kwashe su ke cin kuɗi ba tare da sun dawo da ko kwabo ba.

Na biyu, gubar da ke cikin ƙasa. A cikin filin an taɓa yin mahaƙar kwal da wurin gasa kwal, kuma irin waɗannan wurare kan bar kwalta da sinadarai masu haddasa cutar daji, ga kuma ɓurɓushin ƙarafa masu guba da tulin kashin ƙarfe. Wanda ya sayi irin wannan fili yana iya wayar gari ya tarar dokar muhalli ta ɗora masa nauyin tsabtace shi, kuma ba wanda ke iya faɗa masa tun farko iyakar abin da aikin zai ci. Banki ma ba ya son karɓar irin wannan fili jingina.

Na uku, yawan kangaye. A wancan lokaci yankin Ruhr cike yake da filayen masana'antun da suka rufe, yayin da jama'a ke raguwa. Duisburg, wadda mutanenta suka kusa 600,000 a tsakiyar shekarun 1970, ta yi ta raguwa zuwa kimanin rabin miliyan. Kaya sun yi yawa, masu saye sun yi kaɗan.

Idan aka haɗa waɗannan, sai a fahimci ƙa'idar da masu ƙiyasta kadarori ke aiki da ita: darajar kango ita ce abin da filin zai yi idan yana da tsabta, a cire kuɗin rusau, a cire kuɗin fitar da guba, a cire ladan kasadar da mai saye zai ɗauka. Sau da yawa abin da ke saura bai kai komai ba, wani lokaci ma bashi ne. Kadarar da ke cikin littafin kamfani da sunan dukiya, a zahiri ta zama kaya a wuya.

Shigowar hukuma

Tun wajen 1980 gwamnatin jihar ta kafa wani asusu na musamman domin sayen filayen masana'antu da ma'adinai da kasuwa ta ƙi, ta gyara su, sannan ta sake sayar da su ko ta miƙa su ga birane. Kamfanin raya ƙasa na jihar, mai suna LEG, shi aka ba riƙon amanar asusun. Ta wannan hanya ce filin Meiderich ya fita daga hannun Thyssen ya koma hannun hukuma a ƙarshen shekarun 1980.

A 1989 kuma jihar ta ƙaddamar da wani shiri na shekara goma mai suna IBA Emscher Park, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Karl Ganser. Shirin ya shafi birane 17 da ke gefen kogin Emscher, a yanki mai faɗin murabba'in kilomita 800, kuma kafin a rufe shi a 1999 an gudanar da ayyuka kusan 120, waɗanda suka ci kimanin Mak biliyan 5 na kuɗin Jamus, mafi yawa daga aljihun hukuma, saura daga 'yan kasuwa. Tunanin da ke bayan shirin shi ne cewa sabbin kamfanoni da ƙwararrun ma'aikata ba za su zo yankin da ya yi ƙaurin suna wajen hayaƙi da ƙazanta ba, sai an gyara fuskarsa tukuna. Wato an ɗauki gyaran muhalli a matsayin wani ɓangare na manufar tattalin arziki, daidai da gina hanya ko jawo wutar lantarki.

Ba a cim ma matsaya kan masana'antar Meiderich cikin sauƙi ba. Akwai 'yan majalisar birnin da suka fi son a rushe ta, saboda tsoron kada kula da tulin ƙarfe mai tsatsa ya zama ramin da zai riƙa cinye kuɗin birni har abada. A ɗaya gefen akwai ƙungiyoyin mazauna unguwannin da masu kishin tarihin masana'antu, waɗanda suka dage a bar ta. Bayan an kwatanta kuɗin rusau da na kulawa, aka tsaya kan a bar ta a tsaye. An shirya gasar tsara wurin, kuma a 1991 aka ba Farfesa Peter Latz, masanin tsara filaye da lambuna, aikin. An buɗe kashi na farko ga jama'a a 1994, aka ci gaba da sauran sannu a hankali har zuwa farkon shekarun 2000.

Tsarin da aka bi

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Latz da abokan aikinsa sun fara ne da ƙidaya abin da ke filin, sannan suka nemi amfanin da za a iya yi da kowane abu yadda yake, da ƙaramin kuɗi.

Tanderu mai lamba 5 an sa masa matakala da shingaye, ya zama hasumiyar hangen nesa. Mai ziyara kan hau har tsawon mita 70, ya ga hanyar da tama ke bi tun daga sama har inda narkakken ƙarfe ke fita, ya kuma hangi birnin baki ɗaya. Tankin ajiyar iskar gas, mai faɗin mita 45, an cika shi da ruwa kimanin lita miliyan 21 zuwa zurfin mita 13, ya zama wurin koyon nutso. Bangayen kankare na rumbunan tama sun zama wurin atisayen masu wasan hawan duwatsu, kuma reshen Duisburg na ƙungiyarsu ta ƙasa shi ke kula da su. Wasu rumbunan an yanka musu ƙofofi an shuka lambuna a cikinsu.

Gidan injinan wuta, mai tsawon mita 170, ya zama zauren baje koli da manyan tarurruka. Gidan injinan hura iska ya zama zauren kaɗe-kaɗe da wasan kwaikwayo, tare da injinan suna nan a inda suke. Rumfar da ake zubar da narkakken ƙarfe ta zama silima ta lokacin bazara. Tsohon ofishin gudanarwa ya zama masaukin matasa. A tsakiyar masana'antar an shimfiɗa faranti 49 na ƙarfe, kowanne mai nauyin tan bakwai ko fiye, waɗanda aka kwaso daga wurin zubi, aka yi dandali da su. Hanyoyin jirgin ƙasa da ke ratsa filin sun zama hanyoyin masu keke da masu tafiya a ƙasa. A 1996 wani ɗan Ingila mai suna Jonathan Park ya tsara fitilu masu launin ja da kore da shuɗi waɗanda ke haskaka tanderun da dare, kuma hoton wannan haske shi ne ya zama tambarin wurin.

A mafi yawan filin ba a kawo sabuwar ƙasa ko ciyawar ado ba. An bar itatuwa da tsirran da suka tsiro da kansu a kan kashin ƙarfe, ana rage su lokaci-lokaci. Masana sun ƙidaya ɗaruruwan nau'o'in tsirrai a wurin, ciki har da waɗanda irinsu ya zo daga wasu nahiyoyi cikin tamar da aka riƙa shigowa da ita. Wannan zaɓi yana da fuskar kasuwanci, domin lambun ado na bukatar ban-ruwa da taki da leburori kullum, yayin da abin da ya tsiro da kansa ba ya neman ɗawainiya mai yawa.

Guba da ruwa

Kwashe dukkan gurɓatacciyar ƙasa daga hekta 180 abu ne da ba aljihun da zai iya ɗauka, kuma ko an kwashe, sai an nemi inda za a zuba ta. Saboda haka aka auna filin sashe-sashe, aka raba shi gwargwadon haɗarinsa. Inda gubar ba ta da yawa, an bar ƙasar a wurinta, aka lulluɓe ta ko aka bar tsirrai su riƙe ta. Mafi munin ƙasar kuwa an zuba ta cikin wasu daga cikin rumbunan kankare, aka toshe su yadda ruwan sama ba zai ratsa ba, aka yi lambu a samansu. Wasu sassan an hana shiga.

Wannan hanya ta rage kuɗi ƙwarai, amma tana da sharaɗi: gubar na nan, an ɗaure ta ne kawai. Dole a ci gaba da auna ƙasa da ruwan ƙarƙashinta, kuma dole a san inda aka binne me, don kada wani ya zo bayan shekara talatin ya haƙa tushen gini a kai. Misalin birnin Seattle na Amurka ya tabbatar da haka. A can an mayar da wata masana'antar iskar gas da ta yi aiki daga 1906 zuwa 1956 wurin shaƙatawa, aka buɗe shi a 1975, amma shekaru da dama bayan buɗewar an ci gaba da aikin tsabtace ƙasarsa, kuma an hana wanka a bakin tafkin da ke gefensa saboda gubar da ta kwanta a cikin laka.

Batun ruwa ma darasi ne. Saboda ƙasar yankin na yawan zaftarewa sakamakon ramukan haƙar kwal, ba a iya binne bututan ƙazanta ba, sai aka mayar da kogin Emscher da rassansa buɗaɗɗun magudanan ƙazanta. Ɗaya daga cikinsu ya ratsa ta tsakiyar filin. An sa ƙazantar cikin bututu a ƙarƙashin ƙasa, sannan aka riƙa tara ruwan saman da ke sauka kan rufin gine-gine ana zuba shi cikin tsohuwar hanyar ruwan. Aikin tsabtace kogin baki ɗaya ya fara ne a 1992, ya ci kimanin Yuro biliyan 5.5, kuma sai a ƙarshen 2021 aka daina zuba masa ƙazanta. Ɓarnar shekara ɗari ta ɗauki shekara talatin kafin a gyara ta.

Daga ina kuɗin kulawa ke fitowa?

Shiga wurin kyauta ne, dare da rana. Kuɗin shiga na zuwa ne ta wasu hanyoyi: hayar zaurukan ga kamfanoni da masu shirya bukukuwa da baje koli, hayar wuraren cin abinci, kuɗin jagoran masu ziyara, da abin da masu shirya finafinai ke biya. Bikin fasaha na Ruhrtriennale, wanda aka fara a 2002, na amfani da zaurukan, kuma wurin na cikin manyan zangunan hanyar yawon buɗe ido ta tarihin masana'antu da aka buɗe a 1999, mai tsawon kilomita 400.

Duk da haka, wannan ciniki bai isa ya riƙe wurin shi kaɗai ba. Ƙarfen da ke tsaye cikin ruwa da iska ba ya daina tsatsa, kuma hasumiyar da jama'a ke hawa dole injiniyoyi su riƙa duba ta ana gyarawa. Birnin Duisburg da ƙungiyar biranen yankin Ruhr da gwamnatin jiha su ke cike giɓin. Wanda ke tunanin irin wannan aiki ya kamata ya san cewa kuɗin ginawa sau ɗaya ake biya, na kulawa kuwa kowace shekara ne. Ribar hukuma ba a ƙofar shiga take ba. Tana cikin cinikin masaukai da gidajen abinci da masu sufuri, da darajar gidajen da ke kusa, da kuma sunan da birnin ya yi.

Sauran hanyoyin da aka gwada

Wurin shaƙatawa ɗaya ne daga cikin amsoshi, kuma yankin Ruhr ya gwada wasu. A cikin Duisburg ɗin kanta, kamfanin Krupp ya bayyana a 1987 cewa zai rufe masana'antarsa ta Rheinhausen mai ma'aikata fiye da 5,000. Ma'aikatan sun yi kwana 160 suna gwagwarmaya, har suka toshe gadar kogin Rhine, amma a 1993 aka rufe ta. Da yake wannan fili a bakin kogi yake, ga layin dogo, sai aka rushe masana'antar aka mayar da shi cibiyar sufuri da ajiyar kaya mai suna Logport, ƙarƙashin kamfanin tashar jiragen ruwa ta birnin. Dubban mutane sun sami aiki a can, kuma daga 2011 jiragen ƙasa masu ɗauke da kwantena suka fara zuwa Duisburg daga birnin Chongqing na ƙasar Sin.

A Oberhausen an gina katafariyar kasuwar zamani mai suna CentrO a kan filin wata masana'antar ƙarfe, aka buɗe ta a 1996. Ta jawo masu saye daga nesa, amma 'yan kasuwar tsohon tsakiyar birnin sun koka cewa ta kwashe musu ciniki. A Dortmund kuma, bayan rufe masana'antar Phoenix a 2001, kamfanin Shagang na ƙasar Sin ya sayi manyan injinan ya kwance su ya tafi da su. Birnin ya haƙa tafki mai faɗin hekta 24 a wurin, aka fara cika shi da ruwa a 2010, sannan aka yanka filayen bakin tafkin aka sayar wa masu gina gidaje da ofisoshi, kuɗin ya taimaka wajen biyan aikin. Sukar da aka yi wa wannan ita ce gidajen sun fi ƙarfin tsofaffin ma'aikatan unguwar.

Abin da misalan nan suka nuna shi ne wurin da fili yake shi ke yanke hukuncin abin da zai zama. Wanda ke bakin ruwa da layin dogo ya koma harkar sufuri, wanda ke kusa da masu kuɗi ya koma gidaje, wanda kasuwa ta ƙi baki ɗaya shi ne ya fi dacewa da wurin shaƙatawa.

Abin da wurin bai yi ba

Bai kamata a yaudari kai ba. Wurin shaƙatawa bai maye gurbin ayyukan da aka rasa ba. Rashin aikin yi a Duisburg ya daɗe yana sama da kashi 10 cikin 100, fiye da matsakaicin ƙasar nesa ba kusa ba, kuma wasu unguwannin arewacin birnin na cikin mafi talauci a yammacin Jamus. An rufe mahaƙar kwal ta ƙarshe a yankin Ruhr a watan Disamba na 2018, sannan a watan Nuwamba na 2024 sashen ƙarfe na kamfanin Thyssenkrupp ya bayyana shirin rage guraben aiki 11,000 zuwa 2030. Abin da wurin ya yi shi ne ya hana wani babban yanki na birni zama kufai mai haɗari, ya ba unguwannin ma'aikata wurin shan iska, ya kuma kawo baƙi inda a da ba mai zuwa.

Darussa ga 'yan kasuwarmu

Nijeriya ma na da nata kangayen. Masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna, wadda aka kafa a 1957, ta daina aiki a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. A Bompai da Sharada da Challawa na Kano akwai masana'antun da suka rufe. A tsaunin Jos akwai ɗaruruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari, kuma wurin shaƙatawa na Rayfield a bakin ɗaya daga cikinsu yake. A Legas, tsohon kurkukun titin Broad ya zama Freedom Park a 2010. Aljihun jihohinmu bai kai na Jamus ba, kuma bukatarmu ta aikin yi ta fi tasu tsanani, saboda haka filin da za a iya farfaɗo da masana'anta a kansa, ko a yi sito da kasuwa, nan ya kamata a fara dubawa. Amma akwai abubuwa biyar da za a iya ɗauka daga Duisburg.

Na ɗaya, kada a sayi kangon masana'anta sai an auna ƙasarsa da ruwan rijiyarsa. Majemu da marinar masaƙu da wuraren haɗa batir na barin sinadaran da ido ba ya gani. Mutuwar ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 sakamakon gubar dalma ta isa shaida kan abin da gurɓatacciyar ƙasa ke iya yi. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, suna da ta cewa a irin wannan ciniki.

Na biyu, a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai ɗauki nauyin tsabtace filin. Tsuntsun da ya jawo ruwa shi ruwa kan doka, amma idan kamfanin da ya yi ɓarnar ya riga ya mutu, mai saye ne zai tsinci kansa cikin ruwan.

Na uku, a warware batun mallaka da basussuka tun farko. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a tare da biyan diyyar gine-ginen da ke kai. Sai dai yawancin kangayenmu na ɗauke da jinginar banki da haƙƙoƙin tsofaffin ma'aikata, kamar na KTL da suka yi shekaru suna neman nasu. Aikin da aka ɗora a kan haƙƙin da ba a biya ba ba zai sami goyon bayan unguwa ba.

Na huɗu, a ƙidaya abin da ke tsaye kafin a kira masu yanka ƙarfe. Rumfar masaƙa mai faɗi na iya zama zauren biki ko baje koli ko wurin masu sana'ar hannu, kuma kuɗin gina irinta sabuwa ya ninka abin da ƙarafanta za su kawo a kasuwar gwangwan.

Na biyar, a tanadi hanyar kuɗin kulawa kafin a aza harsashi. Ko dai a ware wani sashe na filin a ba da haya ko a sayar, kamar yadda Dortmund ta yi, ko a ƙulla yarjejeniya a rubuce tsakanin hukuma da 'yan kasuwa kan wanda zai biya me. Wuraren shaƙatawa da yawa a biranenmu sun lalace ne bayan bikin buɗewa, saboda ba a yi wannan lissafi ba.

Shekara tara ce tsakanin kashe tanderun Meiderich da buɗe wurin ga jama'a, kuma a cikin shekarun nan ba a bari aka wawashe shi ba. Wannan shi ne matakin da ya fi araha, kuma shi ne wanda masu kangaye da hukumomin jihohinmu za su iya ɗauka tun yanzu: a kewaye filin, a sa masu gadi, a auna ƙasar, a rubuta abin da ke ciki, kafin a yanke shawarar abin da zai zama.